Tuƙa keke a cikin ɗaki a kan tirena: ya cancanci kuɗinsa ga mazaunin Kumasi?

Sani_Aboabo
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Ina da keken tsere na gwanjo mai giya 11 a baya, wanda nake hawa bayan sallar asuba kafin in buɗe shago, amma a 'yan watannin nan fitar ta zame mini da wuya, domin tun gari bai gama wayewa ba motocin haya na trotro da babura masu ƙafa uku na pragya sun cika hanyar Aboabo zuwa Asawase, idan damina ta sauka kuma sai mako ya wuce ban taɓa keken ba. Likita ya gargaɗe ni da kada in bar motsa jiki saboda hawan jini. Ƙanena da ke zaune a Jamus ya ce zai iya aiko mini da tirena, na'urar nan da ake ɗora keke a kanta a cikin ɗaki, a haɗa ta da waya ko talabijin, mutum yana taka feda yana ganin hanya a gabansa tare da mahaya daga wasu ƙasashe. Ba na so in sa shi kashe kuɗi a kan abin da zai ƙare a ƙarƙashin gado. Shin abin yana aiki a irin yanayinmu na zafi da ɗaukewar wuta, kuma me ya kamata in tanada kafin ya iso?

Malam_Garba_Asawase
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Abu na farko da za ka tambayi ƙanen naka shi ne wane iri yake nufin aikowa, domin iri biyu ne. Akwai wanda ake barin tayar baya a jikin keke, a matse ta da wani ƙarfe mai juyawa, akwai kuma wanda ake cire tayar bayan gaba ɗaya a ɗaura keken a jikin na'urar, sarƙa ta hau kan haƙoran giyar da ke jikinta. Na farkon ya fi araha, sai dai yana cin taya, yana da ƙara, kuma ƙarfin da yake nunawa yana canzawa gwargwadon iskar da ke cikin taya da yadda aka matse ta, shi ya sa ake yawan sake daidaita shi. Na biyun shi nake amfani da shi, kuma shi nake ba ka shawara idan ƙanenka zai iya. Kamfanonin da aka fi sani su ne Wahoo da Elite da Tacx, wanda Garmin ya saya a 2019. Samfurin Wahoo da ake kira KICKR Core shi ne wanda masu farawa suka fi saye, farashinsa yana kama daga dala 500 zuwa sama kaɗan, nauyinsa kuma kilo 18 ne. Wannan nauyin yana da muhimmanci, domin jakar matafiyi a yawancin jirage kilo 23 ce, ka ga ke nan mai dawowa gida zai iya riƙo maka shi idan ya yarda ya sadaukar da jaka guda. Ka kuma sa a lissafi cewa ana iya neman kuɗin kwastan, ko ta filin jirgin saman Accra ya shigo ko ta tashar ruwa ta Tema.

Alhaji_Mai_Keken_Ƙarfe
Ƙanena Sani, ni ra'ayina daban ne, kuma zan faɗe shi ko da matasa ba za su so ba. Tun ina saurayi nake hawa keke a garin nan, kuma abin da keke ya ba ni ba gumi kaɗai ba ne. Mutum yana fita ya shaƙi iskar safiya, ya gaisa da jama'a, ya koyi riƙe kan keke a gangara da kwana da kuma cikin yashi. Duk wannan babu shi a ɗaki. Kumasi gari ne mai tudu da gangara, wanda yake son hawa mai wahala ya kama hanyar Kuntanase ya gangara tafkin Bosomtwe a Abono, sannan ya hawo, zai ji a cinyoyinsa. Kuɗin da za a zuba a wannan na'ura sun isa su gyara kekenka tsaf, ka sayi hular kwano mai kyau da fitilu, ka bar canji. Idan matsalar cunkoso ce, ranar Lahadi da sassafe hanyoyi a buɗe suke.

Zulai_Nima
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa gaskiya ne ga namijin da yake da ranar Lahadi tasa ta kansa. Ni a unguwar Nima ta Accra nake, ina da yara da aiki, kuma duk wanda ya san zango ya san yadda za a kalli matar aure idan ta fito kan titi da keken tsere. Ba don tirena ba da na bar keke tun ranar da aka ɗaura mini aure. Yanzu ina hawa a ɗakina bayan yara sun tafi makaranta, cikin kayan da na ga dama, babu mota, babu mai kallo. Ƙawayena biyu sun fara zuwa suna gwadawa, domin sirdi kawai ake saukarwa ko a ɗaga. Saboda haka idan ana auna ko abin ya cancanci kuɗinsa, a tuna cewa a gida ɗaya yana iya amfanar mutum fiye da ɗaya. Malam Sani, ka tambayi maiɗakinka, mai yiwuwa ne ita ma tana da ra'ayi a kai.

Injiniya_Nura
Bari in yi bayanin yadda abin yake aiki, domin idan aka gane shi sauran tambayoyin za su zo da sauƙi. Tirena ba ya tuƙa kowa, kai ne kake taka feda. A cikinsa akwai faifan ƙarfe mai nauyi da birkin maganaɗisu. Yana auna ƙarfin da kake zubawa a ma'aunin wat, ya aika wa manhajar da ke wayarka ko kwamfutarka ta Bluetooth ko ta ANT+, wata hanyar sadarwa irin ta Bluetooth. Ita manhajar sai ta haɗa wannan ƙarfi da nauyin jikinka da tsayinka da yanayin hanyar da ke kan allo, ta lissafa gudun da ya kamata ka yi. Idan hanyar ta fara hawa tudu, manhajar ta umarci tirena ya ƙara birki, nan take ka ji feda ta yi nauyi, dole ka sauya giya kamar yadda za ka yi a waje. KICKR Core ɗin da Malam Garba ya ambata yana iya kwaikwayon tudu har kashi 16 cikin 100.

Game da wuta kuwa, mu a Ghana bolt 230 muke amfani da shi, daidai da Jamus, sai dai bakin fulogin ya bambanta, namu mai haƙori uku ne irin na Ingila, don haka za ka nemi adafta ko a sauya maka wayar. Wanda za a aiko masa daga Amurka ya karanta rubutun da ke jikin cajar na'urar, ya tabbatar an rubuta 100 zuwa 240. Babbar barazana ba ɗaukewar wutar ba ce, dawowarta da ƙarfi ce, domin ita take ƙona allon lantarkin da ke ciki, kuma samun wanda zai gyara shi a nan ba abu ne mai sauƙi ba. Kada ka soka shi kai tsaye a bango, ka sa masa abin kariya daga hauhawar wuta. Tirena ba ya jan wuta da yawa, ƙaramar inbata ko batirin ajiya irin na kwamfuta yana riƙe shi na ɗan lokaci idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya same ka a tsakiyar hawa.

Malam_Garba_Asawase
Injiniya, a ƙara da cewa samfurin Tacx Neo yana iya aiki ba tare da an soka shi a wuta ba, domin daga takun fedar yake samar wa kansa lantarki. Abin da kawai ake rasawa shi ne juyawar da yake yi da kansa a gangara. Ga mutanen ƙasarmu wannan babbar fa'ida ce, sai dai tsadarsa ta wuce ta KICKR Core nesa, kuma ya fi shi nauyi.

Zulai_Nima
Ina so in ja hankali kan abin da na ga ba a ba shi haƙƙinsa ba tukuna, wato zafi. A kan titi iskar da kake ratsawa ita take busar da gumi, a ɗaki kuwa babu ita. Fankar silin ba ta isa ba ko kaɗan. Sai an sami babbar fanka ta tsaye ko ta ƙasa, a ajiye ta a gabanka tana bugun ƙirji da fuska, a buɗe tagogi. Idan wuta ta ɗauke, ko da inbata ta riƙe tirena, matuƙar ba ta riƙe fanka ba ni sauka nake yi. Fanka mai caji tana taimakawa, amma a nemi mai ƙarfi.

Injiniya_Nura
Hajiya Zulai ta faɗi gaskiya, kuma akwai dalilinsa. Jikin ɗan Adam kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, ko ƙasa da haka, na kuzarin da yake ƙonawa yake isa feda, sauran duk zafi yake zama. Wanda yake taka wat 150 yana fitar da zafin da ya kai wat 450 ko fiye a cikin ɗakin. A Kumasi kuma iska tana ɗauke da laima mafi yawan shekara, gumi ba ya saurin bushewa, sai ya riƙa zuba kawai ba tare da ya sanyaya jiki ba. A watannin Fabrairu da Maris, bayan hunturu ya janye, ya fi kyau a hau da asuba ko da dare.

Mai_Gyara_Alabar
Sallama gare ku. Ni gyaran keke ne sana'ata, kuma ga abin da nake gani a hannuna. Gumi gishiri ne. A kan titi iska tana kwashe shi baya, a ɗaki kuwa kai tsaye yake ɗiga a kan wuyan keke, ya shiga cikin boris ɗin kai, ya jiƙa kaset ɗin da aka naɗe hannu da shi. An kawo mini keken da muka warware kaset ɗin hannunsa muka tarar aluminiyam ɗin ya zama farin gari, da mai shi ya fita da shi titi a haka da hannun ya karye masa a gangara. A shimfiɗa tawul a kan hannu da sandar sama, a goge keken bayan kowane hawa, a riƙa warware kaset ɗin ana dubawa lokaci zuwa lokaci.

Malam Sani, kafin ƙanenka ya biya kuɗi ka kawo keken a duba abubuwa biyu. Na ɗaya, yadda tayar baya take ɗaure: ko da sanda siririya mai mariƙi, wadda faɗin wurinta milimita 130 ne ko 135, ko da sanda mai kauri da ake murzawa, wadda yawanci 142 ce. Tirena yakan zo da ƙananan ƙarafan da suka dace da kowanne, amma idan na hannu ne za a saya a tabbatar mai sayarwa bai ɓatar da su ba, domin nemansu a Kumasi wahala ce. Na biyu, haƙoran giya. Sau da yawa tirena yana zuwa babu su, sai ka saya daban, kuma dole adadinsu ya yi daidai da na kekenka, wato 11. Idan sarƙarka ta tsufa ka ɗora ta a kan sababbin haƙora za ta riƙa tsalle, gara ka sauya ta tun farko.

Sani_Aboabo
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maigida na Alabar, zan kawo keken in sha Allahu. Abin da ban gane ba tukuna shi ne maganar manhaja. Ana biya ne kowane wata bayan kuɗin na'urar? Kuma yaya cin datarta yake?

Yusif_Madina
Yaya Sani, ya danganta da wadda ka zaɓa. Wadda ta fi shahara ita ce Zwift, wadda aka fara gwajinta a 2014. Duniyarta ta zane ce kamar wasan kwamfuta, babban tsibirinta sunansa Watopia, kuma a kowane lokaci ka shiga za ka tarar da jama'a. Tun 2024 kuɗinta ya koma kusan dala 20 a wata, kuma da kati ake biya, ka ga ke nan duk lokacin da darajar kuɗinmu sidi ta motsa lissafinka ya motsa. Akwai Rouvy, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Cek, wadda take nuna bidiyon hanyoyi na gaske, ita ma ana biya. Sannan akwai MyWhoosh ta Abu Dhabi, wadda kyauta ce. Ni da ita na fara, kuma shawarata ke nan ga duk mai farawa a nan, domin babu dalilin ɗaukar wa kai kuɗin wata kafin a san ko za a ɗore. Illarta ita ce tana son waya ko kwamfuta mai ƙarfi, tsohuwar waya tana zafi tana tsayawa.

Data a lokacin hawa ba ta da yawa. Inda take tafiya shi ne saukar da manhajar a karon farko da kuma sabuntawar da ake yi akai-akai, don haka a yi waɗannan a inda akwai wayifai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne intanet ɗin ya tsaya daram. Idan ya yanke a Zwift kana ci gaba da tafiya, amma sauran mahayan suna ɓacewa daga allo, idan a cikin tsere ne kuma an bar ka ke nan.

Ɗan_Tafo
Ni na ji cewa gasar duniya ma a Zwift ake yin ta, shi ya sa nake ganin ita ce ta gaske, sauran kwaikwayo ne.

Yusif_Madina
A da haka ne, Ɗan Tafo, amma an sauya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yi gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Disamban 2020 a kan Zwift, inda Ashleigh Moolman Pasio ta Afirka ta Kudu ta lashe ɓangaren mata, Jason Osborne na Jamus ya lashe na maza. Daga 2024 aka mayar da gasar kan MyWhoosh, aka yi zagayen ƙarshe a Abu Dhabi. Saboda haka kasancewarta kyauta ba ya nufin ta wasa ce.

Alhaji_Mai_Keken_Ƙarfe
To ga shi kun kawo ni inda nake tsoro. Mutum ya zo yana neman lafiyar jikinsa, kun haɗa shi da inbata da fanka da adafta da kuɗin wata da dala. Keke abin talaka ne, ba ya shan mai ba ya neman wuta, wannan ce darajarsa. Kuma ina tambaya, wanda ya ƙware a gaban talabijin, idan aka sa shi cikin mahaya ashirin a kan kwalta, zai iya riƙe layinsa?

Malam_Garba_Asawase
Alhaji, a kan riƙe layi da kwana da birki ina tare da kai, ɗaki ba ya koyar da su, kuma duk wanda ya ce yana koyarwa bai faɗi gaskiya ba. Amma ƙarfin ƙafa da na huhu da aka gina a ɗaki ƙarfi ne na gaske. Jay Vine ɗan Ostireliya ya sami kwantiraginsa na ƙwararru ne bayan ya lashe gasar zaɓen gwanaye ta Zwift a 2020, kuma a 2022 ya ci matakai biyu na tsaunuka a babban tseren Sifen, Vuelta, a kan kwalta, cikin manyan mahayan duniya. Ni kaina ban daina fita ba. Ranakun aiki ina hawa a ɗaki, ranar Lahadi ina kan hanya, kuma tudun Bosomtwe da ka ambata ya rage mini wahala tun da na fara haɗa su biyun. A Zwift akwai tudun da aka kwaikwayo daga Alpe d'Huez na Faransa, mai kwana 21 da tsawon kilomita 12 da ɗoriya, hawansa ya haura mita 1,000. Babu inda zan sami hawa mai tsawon haka ba yankewa kusa da gidana, ko mutanen Accra da suke da tudun Aburi daga Ayi Mensah ba su da irinsa.

Ɗan_Tafo
Abin da nake fata shi ne yaranmu na zango su sami irin wannan dama. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci rigar kore, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a tseren Faransa a 2024, an kuma yi gasar duniya ta kan titi a Kigali a 2025, karo na farko a Afirka. Da a ce ƙungiyoyin matasa za su haɗa kuɗi su sayi tirena ɗaya ko biyu a ajiye a wuri guda, da yaro mai baiwa zai iya nuna ƙarfinsa a lambobi ba sai ya sami biza ba.

Nas_Hadiza_Sawaba
Ina roƙon a dawo kan Malam Sani, domin akwai abin da ya faɗa tun farko wanda ya fi duk maganar tsere muhimmanci, wato hawan jini. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Waɗannan manhajoji da zarar ka shiga za su nuna maka gwajin da ake kira FTP, wanda yake auna ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa guda. Hanyar da aka saba ita ce a taka iya ƙarfi na minti 20 a ɗauki kashi 95 cikin 100 na sakamakon, ko kuma a riƙa ƙara nauyi kowane minti har mutum ya kasa. Duka biyun suna kai zuciya ƙarshen iyawarta. Malam Sani, don Allah kada ka yi wannan gwajin sai likitanka ya amince. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawara shi ne aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma minti 30 sau biyar ya cika wannan. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne ka taka a ƙarfin da za ka iya yin magana cikin cikakkun jimloli. Wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, saboda haka lambar da bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya zai nuna maka ba lalle ta yi daidai da jadawalin da ke manhaja ba, ka nuna wa likita sunan maganinka ka tambaye shi. Idan ka ji nauyi a ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ka sauka nan take. Kuma kada ka tsaya cak bayan ka yi gumi, ka sassauta taku na 'yan mintuna kafin ka sauka, domin jini yana iya faɗuwa ka ga duhu.

Injiniya_Nura
A kan abin da Malama Hadiza ta faɗa, akwai tsarin da ake kira ERG wanda zai taimaka. A wannan tsarin kai ne kake gaya wa manhaja wat nawa kake so, tirena kuma ya riƙe ka a nan ko ka yi saurin taku ko ka rage. Ga mai bin umarnin likita wannan ya fi bin ayarin mahaya, domin a cikin ayari zuciya tana ɗebe mutum ya bi wanda ya fi shi ƙarfi ba tare da ya lura ba. Abin lura kawai shi ne idan ka bar takunka ya yi ƙasa sosai, na'urar tana ƙara nauyi don ta cike giɓin, har feda ta gagare ka. Ka riƙe taku tsakanin zagaye 80 zuwa 90 a minti.

Ummu_Aisha_Fadama
Ni tambayata a kan ƙara ce. Gidan haya muke, ɗaki jikin ɗaki. Shin maƙwabta ba za su damu ba idan mutum ya hau da asuba?

Malam_Garba_Asawase
Hajiya, irin wanda ake cire taya ba shi da ƙara sosai, abin da za a ji shi ne sarƙa da sauya giya, kuma fankar ma ta fi shi ƙara. Abin da yake ratsa gini shi ne girgiza, musamman a bene. A shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a ƙarƙashi, tana rage girgizar tana kuma tare gumi. Mai taya a jiki kuwa, idan tayar mai ƙuraje ce irin ta keken daji, gaskiya maƙwabta za su ji, sai a sauya ta da mai sulɓi.

Zulai_Nima
Tunda Malama Hadiza ta kawo maganar lafiya, ina ƙara maganar ruwa da azumi. A ɗaki mutum yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, don haka gora biyu nake ajiyewa kusa da hannu. A watan Ramadan ban yarda da hawa da rana ba ko kaɗan. Ina jira sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa, ko bayan asham, in yi ɗan taku mara nauyi. A nan ma tirena ya fi titi, domin babu wanda zai so ya fita da keke cikin dare a hanyoyinmu.

Yusif_Madina
Wani abu da ya kamata a faɗa wa duk mai farawa shi ne amana wajen rubuta nauyin jiki. Manhaja tana raba wat ɗinka da kilo ɗinka, shi ne yake nuna saurinka a tudu. Wanda ya rage wa kansa kilo goma a rubuce zai riƙa wuce mutane, amma zalunci ne ga waɗanda yake tsere da su, kuma ya hana kansa ganin ci gabansa na gaskiya. A hau sikeli a rubuta abin da ya nuna.

Alhaji_Mai_Keken_Ƙarfe
Na karanta bayanin 'yata Zulai da na Malama Hadiza da kyau. Ga mata, da mai lalurar da ake so a auna masa ƙarfi daidai, na ga amfaninsa. Amma har yanzu ina nan a kan cewa namiji mai lafiya da yake zaune a Kumasi bai kamata ya mayar da kekensa kayan ɗaki ba. Na san mutanen da suka sayi injin gudu na gida, yau shanya ake yi a kansa. Sani, kafin a aiko maka da komai ka je ka hau na wani ka gani ko ranka zai iya zama wuri ɗaya na rabin awa.

Malam_Garba_Asawase
Wannan shawarar Alhaji na karɓe ta hannu biyu. Malam Sani, Asawase da Aboabo ba nisa, ka yi mini magana ta akwatin sirri ka zo da kekenka ranar Asabar bayan la'asar. Nawa ma giya 11 ne, don haka za mu ɗora naka kai tsaye ka ji yadda yake.

Sani_Aboabo
Madalla, na gode Malam Garba, zan zo in Allah ya yarda. Zan fara biyawa Alabar a auna mini bayan keken, in kuma ga likita da sunan maganina kamar yadda Malama Hadiza ta ce. Ban ce wa ƙanena ya saya ba tukuna. Maganar fanka da inbata ta ƙara lissafin fiye da yadda na zata, sai dai maiɗakina da na karanta mata abin da Hajiya Zulai ta rubuta ta nuna sha'awa sosai, kekena kuma ya yi mata tsawo.

Ummu_Aisha_Fadama
Wannan ita ce matsalata ni ma. Keken maigidana mai giya 11 ne, nawa kuma ƙaramin keken daji ne mai giya 8. Za mu iya amfani da tirena ɗaya?

Mai_Gyara_Alabar
Hajiya, da haƙoran giya na yau da kullum ba zai yi daɗi ba, domin tazarar haƙoran 8 da ta 11 ba ɗaya ba ce, kaurin sarƙar ma ya bambanta, sai dai a riƙa kwance haƙoran ana sauyawa duk lokacin da za a canza keke, wanda yake buƙatar sifana ta musamman. Akwai wani haƙori guda ɗaya da Zwift suka fitar, Zwift Cog, wanda yake karɓar sarƙar giya 8 har zuwa 12, sai a riƙa sauya giya da ɗan maɓalli a hannun keke maimakon giyar keken kanta. Da shi kekuna biyu za su hau tirena ɗaya ba tare da kwance komai ba. Amma ku tabbatar manhajar da za ku yi amfani da ita tana aiki da wannan maɓallin kafin ku saya, domin don Zwift aka ƙera shi, kuma ku auna faɗin bayan keken dajin, yawancin masu giya 8 milimita 135 ne.